Wa Ya Rubuta, Don Me Ya Rubuta? Tambayar da Ba a Koya wa Yaranmu a Firamare

A daren 7 ga Agusta 2014, wayewar garin 8 ga wata, wayoyi suka yi ta ƙara a gidajen Najeriya. Saƙon iri ɗaya ne: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma sha, wai shi ne rigakafin Ebola, cutar da wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya shigo da ita Legas ranar 20 ga Yuli. Uwa ta tashi 'ya'yanta daga barci, ɗa ya kira mahaifinsa a ƙauye, maƙwabci ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa. Kafin Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata zancen, aikin gama ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum biyu sun rasu a Najeriya saboda shan ruwan gishirin. Wasu kuma sai a gadon asibiti suka tsinci kansu.

Waɗanda suka yaɗa wannan saƙo mutane ne da suka iya karatu, shi ya sa ma suka karanta suka tura. A cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, da masu digiri. Tsoro ya yi aikinsa, gaskiya ne, kuma ƙauna ce ta sa kowa ya nemi ceton nasa. Amma ƙalilan ne suka tsaya suka tambayi kansu: wa ya rubuta wannan? Me ya sa ya rubuta? Me yake so in yi bayan na karanta? Mutumin da bai saba yi wa rubutu waɗannan tambayoyi cikin kwanciyar hankali ba, ba zai fara yinsu da ƙarfe biyun dare 'ya'yansa na kwance a gabansa ba. Sabo ne, kuma wurin kafa shi aji ɗaya da aji biyu na firamare.

Yadda wasu ke yi

A Amurka wannan darasi yana da gurbinsa a manhaja. Ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya da ake kira Common Core, waɗanda yawancin jihohin ƙasar suka karɓa daga 2010, sun tanadi cewa yaro tun yana ajin share fage ya iya faɗin sunan wanda ya rubuta littafi da wanda ya zana hotunansa, ya kuma san aikin kowannensu. In ya kai aji biyu, ana so ya gane babbar manufar abin da ya karanta, wato me marubucin ke son amsawa, ko bayyanawa, ko siffantawa. Malamai da yawa a can sun rage abin zuwa gida uku da suke mannawa a bangon aji: marubuci ko dai yana jan ra'ayinka, ko yana ba ka bayani, ko yana nishaɗantar da kai.

Wasu masana biyu a Jami'ar Pittsburgh, Isabel Beck da Margaret McKeown, sun zurfafa fiye da haka a shekarun 1990. Sun lura cewa idan yaro ya karanta littafin makaranta bai fahimta ba, kansa yake zargi, yana ganin shi ne daƙiƙi, alhali sau da yawa marubucin ne bai yi bayani yadda ya kamata ba. Sai suka fito da hanyar da malami zai riƙa tsayawa a tsakiyar karatu yana tambayar yara me marubucin ke ƙoƙarin faɗi a nan, kuma ko ya faɗe shi a fili. Daga ranar da yaro ya gane cewa mutum ne ya zauna ya rubuta littafin, mutum mai iya dacewa mai iya kuskure, zaman da yake yi da littafi ya sauya ke nan.

Dalilin gaggawar koya wa yara wannan tun suna ƙanana kuwa sananne ne. A 2004 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta fitar da rahoto cewa yaran da ba su kai shekara takwas ba galibi ba sa gane cewa talla a talabijin so yake ya sa su saya, gaskiya tsantsa suke ɗaukar sa. Ƙasar Suwidin ta hana tallan talabijin da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 12 da shi, lardin Kwibek na Kanada kuma ya hana wanda aka nufi 'yan ƙasa da 13. Mu a nan babu wata katanga irin wannan tsakanin yaro da wayar mahaifiyarsa.

Duk da haka, ba na ganin ya kamata mu kwafo takardar gida ukun nan mu manna a bangon azuzuwanmu. In muka yi haka, na san inda za ta ƙare: yara za su haddace kalmomi uku, su rera su da ƙarfi, su rubuta su a jarrabawa, shi ke nan. Kuma rubutu na gaske ba kasafai yake zama a gida ɗaya ba. Muna da abin da ya fi wannan takarda a hannunmu, mun dai ƙi amfani da shi ne.

Akun Abubakar Imam

A 1933 Rupert East, shugaban hukumar fassara da talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Bai samu abin da sauƙi ba. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa malaman na ganin littafi abu ne na addini da ilmi mai nauyi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, ba abin da dattijo zai ɓata tawada a kansa ba. Ashe ke nan tun ranar farko gardamar adabin Hausa na boko a kan manufa take: don me za a rubuta? Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya don ya rubuta littafin karatu na 'yan makaranta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Duk wanda ya karanta na ɗaya zai tuna ginshiƙinsa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makirci, so yake Musa ya fito daga fada a hallaka shi. Musa kuwa zuciyarsa na wurin yaƙi, kullum dare sai ya yi shirin fita. Aku ne ke tsare shi, kuma ba shi da makami sai baki. Sai ya jawo labari, Musa ya tsaya ji, labari ya haifi labari, har gari ya waye.

A nan ne darasin yake, kuma ban san wani littafi da ya shimfiɗa shi a sauƙaƙe kamar wannan ba. Musa yana jin daɗin labari. Aku kuwa ba don daɗin Musa yake bayarwa ba, ransa yake ceto. Yaro ɗan shekara bakwai, in an karanta masa wannan, aka tambaye shi me ya sa aku ke ta ba da labari har asuba, zai amsa, kuma zai amsa daidai. To daga nan taki ɗaya ya rage. In aku yana da dalilin ba da labarinsa, shi Malam Abubakar Imam da ya ƙirƙiri akun fa, mene ne nasa dalilin? Me yake so yaran da za su karanta su koya game da magana, da haƙuri, da dabara? Manyan yara kuma, 'yan aji biyar da shida, ana iya ƙara musu hawa na uku: su hukumar da ta sa shi aikin, me suke so? Suna son littattafan da za su sa yara su saba da rubutun boko, su so shi. Manufa uku ke nan a kan juna cikin littafi ɗaya, kuma babu wadda ta kore wata. A littafi na uku ma Imam ya fito da abin fili, inda aku, bayan ya zama waziri, yake koya wa ɗansa Fasih yadda ake tsara labari.

Shekaru da yawa ana karanta wannan littafi a makarantunmu, amma tambayar da aka fi yi wa yara ita ce sunan sarki, da sunan gari, da wa ya ce wa wa. Abin takaici ne a ce an ba mu littafin da ke koyar da manufar mai magana, mun mai da shi na haddar sunaye.

Zaure ya riga aji

Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa malamanmu na da ba sa ɓoye dalilin rubutunsu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma har gobe ana karanta ta a Kano da Zinder da Sakkwato, ta buɗe ne da bayanin cewa wani malami ne ya roƙi mawallafin ya rubuta taƙaitaccen littafi don a koya wa yara. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano ne, bayan mutanen garin sun nemi ya rubuta musu abin da za su dogara da shi wajen hukunci da mulki. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta iya Larabci da Fulatanci, amma in tana son saƙonta ya kai ga matan karkara sai ta tsara shi da Hausa, a waƙe, yadda jaji, wato jagorar mata, za ta haddace ta kai wa 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu a wurinta. Ta san wa take yi wa magana, ta san me take so su sani, shi ya zaɓar mata harshe da salo.

Haka marubuta waƙoƙinmu suka gada. Bayan yabon Ubangiji da salati, mawaƙi yakan faɗi abin da ya nufa da waƙarsa, wa'azi ne, ko gargaɗi, ko yabo, ko faɗakarwa, a ƙarshe ya ambaci sunansa, wani lokaci har da shekarar da ya yi ta. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya ba wannan wuri suna a nazarin waƙa, furucin gundarin jigo, kuma ɗaliban Hausa a kwaleji da jami'a duk sun san shi. Matsalar ita ce mun ajiye wannan ilmi sai a saman tsani. Yaron da karatunsa ya tsaya a aji shida, kuma irinsa ba su ƙirguwa a Arewa, ba zai taɓa jin an yi masa wannan tambaya ba. Shi ne kuwa gobe zai riƙe waya, ya karɓi takardar ɗan siyasa, ya tsaya gaban mai tallan magani a tasha.

Akwai wani abin kuma da yaron Bahaushe ke zuwa da shi makaranta wanda ba a kula da shi. Ya san habaici. Yarinya 'yar shekara shida ta san cewa waƙar da ake yi a bakin turmi ba da turmin ake ba. Ta san bambancin muryar mai shela da ta maroƙi, ta san in yayarta ta fara yabonta da rana tsaka aike ne ke tafe. A Islamiyya kuma hadisin farko da ake haddacewa a Arba'una a kan niyya yake. Wato a magana ta baki, yaranmu gwanaye ne wajen gano inda mai magana ya dosa. Da zarar maganar ta hau takarda sai wannan basira ta kwanta, domin an nuna musu cewa abin da ke rubuce ba a yi masa tambaya. "A rubuce yake" ita ce kalmar da ke kashe gardama a wurinmu, daga aji har majalisar dattawa.

Aji mai yara ɗari

Malamin firamare zai ce, kuma yana da gaskiya: yaran da ke gabana ko baƙi da wasali ba su gama ganewa ba, ina su ina manufar marubuci? Gwaje-gwajen karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Irin wannan matsala ce ta haifar da shirye-shirye irin su Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka mai da hankali kan sautin haruffa da haɗa gaɓoɓi. Aiki ne mai kyau, kuma babu abin da zai maye gurbinsa.

Sai dai tambayar manufa ba ta jiran yaro ya iya haɗa baƙi. Da kunne ake fara ta. Duk lokacin da malami ya karanta wa aji labari da babbar murya, dama ta samu. Kafin ya buɗe littafin, ya ɗaga bangon ya nuna sunan da ke jiki, ya ce wannan mutum ne ya rubuta, ɗan gari kaza ne. Da yawa daga littattafan da ke hannun yaranmu bangonsu ya daɗe da yagewa, har yaro ya gama firamare bai san cewa wani ne ya zauna ya tsara abin da yake karantawa ba. In an gaya masa cewa Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Ruwan Bagaja, to littafin ya samu mai shi.

Ga wani darasi da ba ya bukatar komai sai alli, ko da yaran sun haura ɗari a ajin. Malama ta rubuta magana uku a allo, duk a kan akuya ɗaya. Ta farko cigiya: akuya ja mai farin goshi ta ɓata ran Talata, wanda ya gan ta ya kai gidan mai unguwa. Ta biyu ta dillali a kara: ga akuya mai haihuwar tagwaye, ba ta ciwo, ba ta ɓarna, ita kaɗai ta rage. Ta uku farkon labari: wata rana akuya ta fita kiwo sai ta yi kiciɓis da kura a bakin rafi. Ta karanta musu, sannan ta tambaya, wanne ne a ciki yake so a ba shi kuɗi? Hannuwa za su tashi. "Malama, na biyun ne!" A nan ne aikin yake, kada ta ce madalla ta wuce. Ta ce, "Ta yaya kika gane? Wace kalma ce ta nuna miki?" Yarinyar da ta iya cewa ai don ya ce ita kaɗai ta rage, so yake a yi sauri, ta kama abin da manya da yawa ba su kama ba. Sai Malama ta ƙara tambaya ɗaya: me dillalin bai faɗa ba? Shekarun akuyar? Dalilin da mai ita zai sayar? Yaro ya fara gane cewa abin da aka bari ma yana cikin manufa.

Kayan wannan darasi suna zube a ko'ina. Ledar madara da kwalin maganin sauro, katin gayyatar ɗaurin aure, katin awo na asibiti, rubutun bayan Adaidaita Sahu da na manyan motoci, takardun 'yan takara da ke manne a bangon makarantar ita kanta. A ce kowane yaro ya zo da takarda ɗaya daga gida. Bayan haka a juya aikin: su yaran su tsara nasu, ko da da baki ne malami na rubutawa. Wannan layi su yi cigiyar takalmin da ya ɓata, wancan su roƙi hedimasta ya gyara rijiya, na can su ba 'yan aji ɗaya dariya. Wanda ya taɓa zaɓar kalma don ya shawo kan wani ba zai rasa gane ta ba in an zaɓo ta dominsa.

Abu ɗaya nake so malamai su kiyaye ƙwarai. Kada a koya wa yaro cewa duk mai jan ra'ayinsa maƙaryaci ne. Takardar da ke bangon asibiti tana cewa a kwana cikin gidan sauro ita ma jan ra'ayi take yi, kuma don lafiyar mai karatu take yi. Mai lasifika a tasha da ke cewa ƙullin maganinsa ɗaya na warkar da cuta goma shi ma jan ra'ayi yake yi. Abin da ke raba su shi ne tambayar da ya kamata ta zauna a bakin kowane yaro: in na yarda, wa zai amfana? Yaron da aka koya wa zargin kowa bai fi wanda aka koya wa yarda da kowa tsira ba, domin shi ne gobe zai ƙi gaskiya ko da ta zo masa da hujja.

Tsoron iyaye

Na san akwai iyayen da wannan magana za ta tayar wa hankali. Suna gudun kada yaro ya saba tambayar littafi, gobe ya tambayi na gaba da shi, jibi ya taɓa abin da ba a taɓawa. Damuwa ce ta gaskiya, ba kuma za a kawar da ita da dariya ba. Amma a duba tarihin ilminmu. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, mene ne halinsa, kuma ba wanda ya ce sun yi rashin ladabi. Da wannan tambaya suka tsare addini daga masu ƙirƙira. Suratul Hujurati ta yi umarni a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Yaron da ya tambayi wa ya rubuta saƙon da aka ce a tura wa mutum goma, bai fita daga tarbiyya ba. Ladabi yana cikin yadda ake tambaya, kuma shi ma abin koyarwa ne a aji guda, a darasi guda.

Saboda haka kira na farko ga hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, da hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi: a sa tambayar manufa cikin darasin auna fahimta tun daga aji ɗaya, a kuma sa ta cikin jarrabawa ta hanyar da hadda ba za ta amsa ta ba, wato a nemi yaro ya nuna hujjarsa daga cikin rubutun. Kwalejojin horon malamai, irin su Sa'adatu Rimi a Kano, da Shehu Shagari a Sakkwato, da Aminu Saleh a Azare, su tabbata ɗalibin da zai fita koyarwa ya gwada wannan darasi a gaban yara kafin a ba shi shaida. Masu buga littattafan yara su ware rabin shafi inda marubuci zai gaya wa yaro, da Hausa mai sauƙi, ko shi wane ne da abin da ya sa ya rubuta.

Iyaye kuwa, ba sai kun jira manhaja ba. Yau in yaronku ya dawo daga makaranta, ku sa ya fito da littafin Hausarsa ya nuna muku sunan wanda ya rubuta shi, ku tambaye shi me yake gani ya sa mutumin ya rubuta. In bangon ya yage, ku tambayi malaminsa sunan, ku rubuta masa shi a shafin farko.